Kullutun Wuya Ba Na Wanzami Ba Ne

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun saba da wani irin majinyaci. Yakan zo da kullutu a gefen wuya, mai tauri, marar zafi, wanda ya shafe watanni yana girma. Sau da yawa akan ga tabon tsagar wanzami ko na sakiya a kansa. Idan aka bincika, sai a tarar ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa.

Abin lura shi ne, galibi kullutun ba shi ne tushen cutar ba. Kaluluwa ce ta kumbura domin cutar ta yaɗu zuwa gare ta daga wani wuri, kamar harshe ko maƙogwaro ko kogon da ke bayan hanci. Dajin wannan kogo na cikin waɗanda aka fi gani a asibitocin Arewa. Alamunsa su ne toshewar hanci, da haɓo, da toshewar kunne guda. Yana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 a cikin ƙwayoyin dajin muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Dajin baki da na maƙogwaro kuwa, taba da barasa ne manyan musabbabansa, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 yakan faro ne daga siririyar fatar da ta shimfiɗe cikinsu.

Ido ba ya rarrabe waɗannan cututtuka. Tarin fuka ma yakan kumbura kaluluwar wuya. Sai an ɗebo ɗan abin da ke cikin kullutun da allura, ko an yanki ɗan nama, an duba a madubin likita, sannan a san gaskiya. Maganinsu kuma ya sha bamban. Tarin fuka na buƙatar shan magani na wata 6, dajin bayan hanci kuwa gashi da na'ura ne babban maganinsa. Saboda haka ba da magani bisa zato ɓata lokaci ne, alhali lokaci shi ne jarin majinyaci.

Wani zai ce asibiti da nisa, gwaji da tsada. Gaskiya ne. Amma kuɗin gwajin farko bai kai na jinyar ƙarshe ba, wadda kan cinye gona da shanu, sannan a rasa ran. Wajibi ne gwamnatocin jihohi su samar da hanyar aika samfurin nama daga manyan asibitocinsu zuwa ɗakunan bincike, a kuma jawo wanzamai a jika, domin su ne kan fara ganin kullutun.

Duk wanda kullutun wuya, ko dushewar murya, ko gyambon baki ya wuce masa mako 3, to, ya nufi asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.