Ba Kowane Shirun Dattijo Ne Tsufa Ba

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa ganin likitan hawan jini a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi ya san irin koken: kai na zafi kamar an hura wuta, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga. Abin da Hajiya ba za ta faɗa ba shi ne, tun da ta fita takaba ba ta ƙara jin daɗin komai ba.

Ciwon damuwa yana sauya kama da shekaru. Ga magidanci ɗan shekara 45 a Tarauni, wanda kuɗin haya da na makaranta suka sha masa kai, yakan fito ne a faɗa da saurin fushi, har uwargida ta ce Baban yara ya canza hali. Ita kuwa takan gamu da nata lokacin ɗaukewar al'ada, ta aurar da 'ya'ya, gida ya yi tsit.

Bayan shekara 65 ne ya fi ɓuya. Dattijon da ba ya fashin majalisa bayan la'asar sai ya daina fita. Rediyonsa na gefe a kashe, tuwon dare ya kwana a rufe. Ya fara mantuwa, 'ya'ya su ce, "Baba ya fara ruɗewa, sai haƙuri." Alhali mantuwar da damuwa ta haddasa takan ragu sosai in an yi magani.

Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2007, ya gano kusan kashi 26 cikin 100 na tsofaffin ƙasar Yarbawa da aka tambaya sun taɓa fama da ciwon, mata sun fi yawa, kuma akasari ba su samu kulawa ba. Babu dalilin zaton tsofaffin Kano sun tsira.

Kiran wannan rashin tawakkali zalunci ne. Mai ciwon suga ma yana addu'a, yana shan magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin fannin kaɗan ne, kuma tsoho ba zai yarda a ambata masa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba. Don haka wajibi ne ma'aikacin da ke auna jininsa duk wata, ko a ƙaramin asibitin unguwa ne, ya riƙa tambayarsa barci, cin abinci, da wanda yake hira da shi a gida.