Kwalbar da Ba Ta da Takarda

Kwanakin baya, a filinmu na safe da muke buɗe wa masu saurare waya, wata baiwar Allah ta kira mu. Sana'arta ƙunshi da gyaran akaifa, tana liƙa wa amare da ƴan mata akaifar roba. Ta ce yatsunta sun tsattsage har ba ta iya tuƙa tuwo, fatar idonta na kumbura kowace safiya, kuma in ta yini a shago sai ta kwana da ciwon kai. Ta sha magani, ta je wurin mai magani na gida, har an fara ce mata ko hannu aka sa mata. Muka ce, “Hajiya, ruwan da kike haɗa akaifar da shi, mene ne sunansa?” Ta ce ba shi da suna. A cikin tsohuwar kwalbar maganin tari mai tebur yake auna mata shi.

Wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami yau. Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, ra'ayinmu shi ne takardar da ke jikin kwalba ko jikin ganga tana cikin kayan da kuka saya, kuma tana cikin kayan da ya kamata ku sayar. Wanda ya juye ruwan ya yar da takardar, rabin kaya ya ba mai saye, ya riƙe rabin da zai kare masa lafiya.

Ruwan nan yana da suna. Yana cikin dangin sinadaran masana'antu da ake kira akirilat. Da su ake yin fenti, da gam iri-iri, da abin da ake shafa wa fata da yadi don su yi sheƙi. Wani daga cikin dangin, metil metakirilat, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan MMA, da shi ake yin gilashin roba da haƙoran roba, kuma shi ne ake yawan samu cikin ruwan akaifa mai araha. Gam ɗin nan mai saurin kamawa, sufa-gulu, da ke kan kowane tebur daga Kasuwar Dole ta Damagaram har babbar kasuwar Tawa, shi ma ɗan dangin ne. Abin lura shi ne, in sinadarin ya daskare ya zama roba, cutarwarsa kaɗan ce. Yana ruwa ne yake da haɗari. Wato amarya sau ɗaya take haɗuwa da shi, amma mai gyaran akaifa da mai aunawa kullum hannunsu na ciki, hancinsu na kai.

Illa ta farko a fata take. Jiki yakan yi ta haƙuri da sinadarin wata da watanni, ko shekaru, sannan rana ɗaya ya ƙi shi. Daga ranar, ko ɗigo ya taɓa mutum sai ƙaiƙayi, da ƙuraje, da tsagewar yatsu, har da kumburin fuska in ya shafa ta da hannun. Wannan ƙin da jiki ya yi ba ya komawa baya, mutum yana tare da shi har ƙarshen rayuwa. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan haka a 2018. Abin bai tsaya a sana'a ba, domin da dangin wannan sinadari ake cike ramin haƙori, da shi kuma ake liƙa ƙarfe a ƙashi wajen wasu ayyukan tiyata. Yarinyar da jikinta ya ƙi shi tana shekara 20 na iya samun matsala ranar da ta je wurin likitan haƙori tana shekara 50.

Illa ta biyu a numfashi take. Warin nan mai kaifi da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofar shago tururin sinadarin ne. Yana sa ido ruwa, yana ƙona hanci da maƙogwaro, yana kawo ciwon kai da jiri, wasu kuma yakan jawo musu asma. Ku dubi yadda shagunanmu suke: ɗaki ɗaya na kwano, ba taga, an saki labule saboda ƙura, ga goyo a baya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da ɗaukar mataki. Tun farkon shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta kai ƙara kotu aka janye ruwan akaifa na zallar MMA daga kasuwa, bayan koke-koken mata da akaifarsu ta lalace, yatsunsu suka kumbura. Tarayyar Turai kuma tun 2021 ta ce kayan akaifa masu ɗauke da wani ɗan dangin da ake kira HEMA, sai ƙwararru kaɗai za a sayar wa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Fatar matan can da ta matan nan duk fata ce.

Illa ta uku ta shafi kasuwa baki ɗaya, wato wuta. MMA na fitar da tururin da zai iya kamawa tun zafi yana digiri 10, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40 a Maraɗi. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake bi, ya rarrafa har ya iske kurfoti na mai shayi ko garwashin mai tuya a rumfar kusa. Akwai kuma wani hali da waɗannan sinadarai suke da shi: in sun ji zafi a rufe, sukan fara daskarewa da kansu, daskarewar na ƙara zafi, zafin na ƙara gaggawar daskarewa, har mazubin ya fashe. Masana'antu na zuba musu wani ɗan magani da ke hana haka, amma zafi da daɗewa suna cinye ƙarfinsa. Ranar 29 ga Satumba 2012, a birnin Himeji na Japan, tankin ruwan asid na akirilik ya fashe a masana'antar Nippon Shokubai, ɗan kwana-kwana ɗaya ya rasu, mutane 36 suka ji rauni. In haka ta faru a inda ake da injiniyoyi da na'urorin auna zafi, ina ga jarkar da aka bari a rana a bayan rumfa? Mu da muka san yadda babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982 ba sai an gaya mana abin da wuta ke yi wa dukiyar shekara da shekaru ba.

Sai batun gangunan da ba kowa a ciki. A kasuwanni irin su Katako ana sayar da tsofaffin ganguna da jarkoki, mutane na saye su zuba ruwan sha, ko man gyaɗa, ko su jiƙa gero. Ganga da ta taɓa ɗaukar sinadarin masana'anta ba ta komawa ta abinci, ko an wanke ta da sabulu sau goma. Mai walda kuma da ya sa wuta zai yanke ta, tururin da ya saura a ciki na iya tashi da shi. Kafin ku sayi ganga ku duba jikinta. In kun ga lamba UN 1247, MMA ta ɗauka. UN 1917, UN 2348 da UN 2218 duk ƴan dangin akirilat ne. In an kankare takardar, wannan ma amsa ce, ku bar ta.

Mun san abin da mai tebur zai ce: “Malam, mace mai jarin jika biyu ba ta iya sayen lita, dole in auna mata na dala ɗari. Takardar kuma da Turanci ko Sinanci take, wa zai karanta?” Gaskiya ne, awo shi ne rufin asirin talaka, kuma ba mu ce a daina sana'a ba. Amma takardar ba rubutu kaɗai ba ce. Akwai zane cikin jan murabba'i da ke tsaye kan kusurwa: harshen wuta na nufin yana kamawa, alamar motsin rai na nufin yana cutar da fata da ido. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba ma zai gane su. In kuma za ka auna, ka auna cikin kwalba mai murfi, ka rubuta sunan da ke jikin babban mazubin ka liƙa mata. Kada ka zuba a kwalbar maganin tari ko ta lemo, domin yaro ba ya tambaya kafin ya kai baki. Ranar da tsautsayi ya faɗa, wannan sunan ne zai gaya wa likita abin da zai yi.

Ku kuma uwayenmu da ƙannenmu masu sana'ar, ku buɗe ƙofa da taga, ko ku yi aikin a rumfa mai iska. Ku rufe kwalba da zarar kun ɗiba. Audugar da kuka goge da ita ku sa ta cikin gwangwani mai murfi. Safar hannu ta roba fara, irin ta gidan likita, sinadarin na ratsa ta cikin ƴan mintoci. Ku tambayi ta nitiril a farmasi, ku riƙa sauya ta. Kada a ci abinci a teburin aiki, kada a kwantar da jariri a wurin. In ya zuba a fata, a wanke da ruwa da sabulu nan take. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15, sannan a tafi gidan likita. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a tafi da shi tare da kwalbar.

Sufa-gulu ma yana da nasa sharaɗi. In ya zuba kan tufafin auduga yana yin zafin da zai ƙona fata, don haka kada a goge shi da auduga. In ya haɗe yatsu, a jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulu, kada a fizge. Kada a ajiye shi kusa da maganin ɗigawa a ido, kwalaben suna kama da juna, kuma mutane da yawa a duniya sun ɗiga shi a ido bisa kuskure. In hakan ta faru kada a ɓamɓare fatar idon da ƙarfi, aikin likita ne. In wuta ta tashi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a kuma gaya musu abin da ke cikin shagon.

Manyan alhazanmu da ke shigo da kayan daga Kano, Dubai ko Sin, nauyin ya fi yawa a kanku. Kowace masana'anta ta ƙwarai tana da takardar bayanin haɗarin kayanta, ku nema a ba ku. Shugabannin ƴan kasuwa da ma'aikatun magajin gari su keɓe wa irin waɗannan kaya wuri mai inuwa, nesa da masu wuta. Mu a gidan rediyo namu shi ne mu yi ta faɗa, kuma za mu yi.

Ita Hajiyar da ta kira mu mun ba ta shawara ta je wurin likitan fata, ta tafi da kwalbar, ta kuma koma wurin mai teburin ya nuna mata mazubin da yake juyowa. Araha ba ta ado, balle araha da za ta raba mace da hannun da take ci da ƴaƴanta. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.