Wa ya ɗinka kambas ɗin da ake yi mana wa'azi da shi?

Maganar da wani mai jawabi ya yi wa matasa a Kalgo, wadda ke ta yawo a WhatsApp, ba sabuwa ba ce. Tafin da aka yi masa ne ya ɓata mini rai. Wai duk yaron da ke son ci gaba ya ɗaga kai ya dubi irin su Nike: wurin motsa jiki a harabar ofis, rangwamen takalma ga ma'aikata, hutu, ƙarin girma daki-daki. Wai can ne ake aiki, abin da muke yi a nan kuwa kame-kame ne.

To, ma'aikacin Nike na wane gari yake nufi? Hedikwatar da ake nuna mana hotunanta tana Beaverton, a jihar Oregon ta Amurka, kuma 'yan zane da talla da lissafi ne a cikinta. Kusan duk kambas ɗin da ke ɗauke da tambarin kamfanin, masana'antun 'yan kwangila ne ke yin sa a Vietnam da Indonesiya da Sin, Vietnam kaɗai tana yin kusan rabi. Matan da ke wuni gaban keken ɗinki suna shaƙar warin gam ba sa ma cikin lissafin ma'aikatan Nike. A watan Agustan 2021 an ba 'yan hedikwata hutun mako guda domin hankalinsu ya kwanta, jaridu suka yi ta yabo. Wannan alheri bai kai ga mai ɗinki ba. A 2014 dubun dubatar ma'aikatan Yue Yuen, mai yi wa Nike da Adidas takalma a Dongguan ta ƙasar Sin, sai da suka yi yajin aiki saboda ana tauye kuɗin inshora da fanshonsu. A 2023 masana'antar PouYuen da ke birnin Ho Chi Minh na Vietnam, ita ma mai yi wa Nike takalma, ta sallami dubbai. Su ma 'yan ofishin ba su tsira ba, domin a Fabrairun 2024 Nike ta sanar da rage kashi 2 cikin ɗari na ma'aikatanta, mutum sama da 1,600. Mai jawabi bai faɗa wa yaranmu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Za a ce ai duk da haka albashinsu ya ninka namu. Ba zan ɓata tawada a kan wannan ba. Ɗan Kalgo nawa ne za a ba bizar zuwa Oregon? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rainin da ke ƙarƙashin maganar. A yankinmu ne jar akuyar Sakkwato take, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Majemanmu sun san jima da bagaruwa tun kafin 1964 da aka kafa kamfanin da ya zama Nike. Yau fatar akuya da ta tunkiya a manyan motoci take barin kasuwanninmu zuwa masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano, daga can ta wuce Italiya da Sifen, wasu su ɗinka su ci ribar. Ta saniya kuwa mun babbake ta mun cinye a matsayin ganda. Yaranmu suna buga ƙwallo da kambas na gwanjo, wanda wani ya gama yayinsa a Turai.

Kuma a rumfar baduku akwai ƙarin girma na gaske. Yaro yana farawa da shara da aike, ya koyi yanka da shafa gam, ya riƙe basilla, ya hau keke, wata rana a yaye shi da kayan aiki ya buɗe rumfarsa ya ɗauki nasa yaran. Wannan matakin ba wanda zai ƙwace masa da takardar sallama. Inda ya lalace shi ne inda ya kamata masu jawabi su sa baki: iyayen gidan da ke riƙe yaro shekara da shekaru ba ranar yaye, sai kuɗin abinci da alkawarin baka. Gwamnanmu Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Oktoban 2024. Madalla. Amma dokar albashi ta ƙasa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato duk wata rumfar takalmi daga Gwandu zuwa Jega. Yaron shago ba shi da ƙungiya, ba shi da takarda, ba shi da mai tsaya masa.

Na san dalilin shirun. Tsohuwar cuta ce tsakanin 'yan boko da masu sana'a, kuma ta girmi bokon ma. Har gobe akwai gidajen da in baduku ko maƙeri ko mahauci ya zo neman aure sai a hau binciken asali, ko da ya fi mai digirin riƙon addini da abin hannu. Mutumin da ba zai ba baduku 'yarsa ba, shi ne ke tsayawa gaban lasifika yana koɗa kamfanin da akasarin dukiyarsa daga ɗinkin takalmi ta fito. Muddin Bature ne ke sayarwa, sana'a ce ta alfahari. In Malam ne a bakin kasuwa, sai a ce ƙasƙanci.

Ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo su zauna da sarakunan sana'a da masu unguwanni, a wajabta rubuta yarjejeniya ga duk yaron da aka kai koyon ɗinkin takalmi: shekarun da zai yi, abin da za a riƙa ba shi a mako, da kayan da za a sallame shi da su ranar yaye, gaban shaidu biyu.