Agadem: Wa Ke Lissafin Man da Za A Bari Ƙarƙashin Ƙasa?

Tun daga 2011 da matatar Soraz ta Damagaram ta soma tace ganga 20,000 a yini, har zuwa 2024 da aka yi lodin farko a Seme ta ƙasar Benin, magana ɗaya hukumomi ke maimaitawa: ganga nawa aka fitar. Ba a jin mai faɗin nawa za ta rage a ƙasa har abada.

Ita rijiyar mai ba randa ba ce da ake kwalfewa tas. Man yana maƙale ne cikin kofofin dutse, ƙarfin iskar gas da ruwan da ke ƙasa ke tunkuɗo shi sama. In aka dogara da wannan ƙarfi kaɗai, abin da ke fitowa ba ya wuce ɗan kaso kaɗan. In aka ɗura ruwa ko gas domin riƙe ƙarfin, akan samu kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. Sauran sai da dabarun da ke cin kuɗi: tururi mai zafi, iskar kabon, ko sinadarin polima da ke kauraro ruwa ya share man. Wanda ya zuƙi rijiya da gaggawa yakan karya ƙarfinta, ruwa ya rigayi mai fitowa.

Kamfanin CNPC, mai haƙar Agadem tun yarjejeniyar 2008, ya san wannan sarai. A filin Daqing na ƙasar Sin, wanda aka gano a 1959, da ruwa da polima ya tsawaita ran rijiyoyin har yau. Abin da ya yi a gida, me zai hana a rubuta masa shi a matsayin wajibi a Nijar? Baƙo na ƙidaya shekarun kwangila. Mai gida kuwa jikoki yake ƙidayawa.

Mutanen Magarya da Dungas sun fi kowa sanin abin da ke jiransu. Shekara da shekaru da ruwa-ruwan Babura da Maigatari suke tada baburansu da injinan ban-ruwa. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, wannan ƙofa ta ƙuntace. A watan Maris na 2025 layuka suka cika gidajen mai, Soraz ta kasa ƙosar da ƙasa. Ranar da Agadem ta gaji, ina ɗan kasuwa zai nufa, da me za a biya albashin ma'aikaci?

Oloibiri, inda Najeriya ta fara samun mai a 1956, yau kufai ce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ya zama wajibi ma'aikatar man fetur ta bayyana wa jama'a kason da ake sa ran fitarwa daga kowane fili, da inda ake ɗibar ruwan ɗurawa a wannan hamada ta makiyaya, ta kuma horar da injiniyoyin ƙasa masu iya tantance lissafin kamfani. Dukiyar da mai ita bai san awonta ba, ta mai awo ce.