SARAUNIYAR DA BA TA YI MINI HAUSA BA

Gaskiya ba da son raina na je ba. 'Yata ce, wadda ke karatun Faransanci a Kano, ta matsa mini lamba sai na raka ta wani bikin nuna finafinan ƙasashen da ke amfani da harshen. Na ce mata ni da ɗan abin da aka koya mana a sakandare ya bi ruwa, me zan tsinta a can? Ta ce, "Umma, ke dai ki zo." Malam ya yi mini izini, ranar Asabar da safe muka hau mota a Wudil, garin bai gama hucewa daga hayaniyar kasuwar Juma'a ba.

Tun daga gada nake shirin kau da kai, don a zatona abin da ido bai kamata ya gani ba za a nuna. Sai ga fim ɗin farko, Zinder, na Aicha Macky 'yar Damagaram, wanda ya fito a 2021. Jama'a, Hausa suke yi! Hausa tsantsa, da ɗan karinta na Damagaram. Ɗalibai na ta bin rubutun Faransancin da ke ƙasan allo, ni kuwa na harɗe hannuwa ina saurare. Labarin samarin unguwar Kara-Kara ne, inda a da aka keɓe kutare: ba boko, ba aiki, sai ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin fetur daga kan iyakarmu. Ba waƙa, ba rawa. Akwai inda aka yi shirun da har na zaci na'urar ce ta lalace, ashe shirun ma magana ce. Na ji haushin yadda aka baje talaucinsu a gaban Turawa, amma ƙarya ce in ce ban san irin yaran nan a tashoshinmu ba.

Na biyun ne ya hana ni barci. Sunansa Sarraounia, wato Sarauniya Mangu ta Lugu, can ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutse, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Abdoulaye Mamani ɗan Nijar ya rubuta littafin a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Na gyara zama ina jiran in ji muryar Sarauniya. Ta buɗe baki, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, 'yar can ce ta fito a matsayinta, da Julanci take magana. Haka na zauna 'yata na raɗa mini fassara a kunne, labarin ƙasar Hausa sai da tafinta.

Kada a ce na haɗiye fim ɗin ɗungurungum. Sarauniya 'yar Azna ce, kuma fim ɗin bai raga wa sarakunan Musulmi maƙwabtanta ba, kamar dai ba a taɓa yin Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903 yana yaƙar Turawan Ingila ba. Wannan ya sosa mini rai. To amma wa zan kai wa ƙara? Wanda ya riga ka ɗaukar alƙalami shi ke ba da labari yadda ya ga dama. Ni fa sama da shekara ashirin ina rubutu, na aurar da 'yan mata a takarda sun fi a ƙirga, na kai wasu Dubai, wasu Landan inda ban taɓa takawa ba, amma ko sau ɗaya ban tsallaka da jarumata Damagaram ba, tafiyar 'yan sa'o'i ta hanyar Daura. Mun san dangin Shah Rukh Khan, ba mu san Oumarou Ganda ba, wanda fim ɗinsa kan kishi da auren mace fiye da ɗaya, Le Wazzou polygame, ya ci kyautar FESPACO tun 1972. Sana'ar da muke taƙama da ita ke nan, wani ya riga mu.

Ni dai roƙona ga masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, su nemi izini su sa wa Sarauniya muryar Hausa, a kalla a Wudil da Gaya, mai yabo ya yaba, mai suka ya soka. Littafin kuwa na ɗora wa 'yata: duk hutu shafi goma za ta karanta mini, ko ta so ko ta ƙi. Ta ce sai na biya ta kuɗin tafinta, har yanzu muna ciniki.