Samun Gurbi A Jami'a Ba Shi Ne Samun Wurin Kwana Ba

Duk shekara idan sakamakon BAC ya fito a watan Yuli, gidaje da dama a Malanville sukan cika da guɗa da murna. To amma kafin wata biyu su cika sai murnar ta koma ciki, domin uba zai zauna ya yi lissafi ya ga cewa tura yaro jami'a ya fi ƙarfin aljihunsa. Abin da ya fi ɗaure wa iyaye kai kuwa shi ne wurin kwana.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2008 gwamnatin Boni Yayi ta yafe kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati ga ɗaliban da ba su da tallafin karatu. An yi abin kirki, babu shakka. Sai dai kuma ko an yafe rajista ko ba a yafe ba, yaron da ya fito daga bakin kogin Kwara bai tsira ba. Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, ita ce mafi kusa da mu, amma tsakaninmu da ita ya haura kilomita 300. Wanda aka tura Abomey-Calavi kusa da Kwatano kuwa, tafiyar sama da kilomita 700 ce ke gabansa. Ɗan Parakou zai kwana a ɗakin uwarsa ya tashi ya tafi aji, namu kuwa sai ya nemi ɗaki, da katifa, da tukunya, a garin da bai san kowa ba.

Hukumar COUS ce ke raba ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in nan, kuma kowa ya san masu nema sun fi ɗakunan yawa nesa ba kusa ba. Wanda bai samu ba sai ya faɗa hannun masu gidajen haya da dillalai. Dokar haya ta ƙayyade kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa kada ya wuce na wata uku, amma baƙon yaro da darasi ya riga ya fara ba shi da bakin yin gardama. Ga shi kuma lokacin biyan ya faɗo a ƙarshen damina, sa'ar da ruwa kan ci gonaki, albasa kuma ba ta kai kasuwa ba. Rufe gadar Gaya da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya ƙara karya jarin 'yan kasuwa da direbobi da masu dako, waɗanda su ne iyayen yaran nan.

Waɗanda suka fi cutuwa su ne 'yan mata. Uba zai iya barin ɗansa namiji ya raɓa da abokai huɗu a ɗaki guda, amma ba zai saki 'yarsa ba sai ya san inda za ta kwana. Idan babu tabbas, sai a ce ta jira baɗi, daga nan kuma sai zancen aure ya taso, karatun shekara 13 ya tafi a banza.

Saboda haka nake kira ga hukumomin jami'a da su sanya nisan gari cikin manyan sharuɗɗan rabon ɗaki, a fara da sababbin ɗalibai, musamman mata, daga Malanville da Karimama da sauran garuruwan Alibori. A kuma fitar da sunaye tun kafin a koma karatu, don kada uba ya biya kuɗin ajiya a cikin gari sa'annan a ce ɗansa ya samu ɗaki.

Mu ma akwai namu aikin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Me zai hana ma'aikatar magajin gari da manyan 'yan kasuwarmu su kama gida guda a Parakou, da amintacciyar dattijuwa mai kula, don 'ya'yanmu mata? Iyaye kuma su fara adashe tun yaro yana ajin ƙarshe, kada su ba kowa kuɗi sai da takardar shaida. Garin da bai ilimantar da 'ya'yansa ba, likita da alƙali sai dai a kawo masa daga waje. Allah Ya sa masu iko su ji.