Masu Ƙarfi da Masu Ƙamshi: Ga Hukuncin da Kuka Nema

 Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Na kuma san zan ɓata wa wasu rai, har da waɗanda muke cin abinci a kwano ɗaya. Ku yi haƙuri, ba da mutum nake ba.

Daren Laraba, bayan mun fito daga jarabawa, muna zaune a teburin mai shayin layinmu a nan Kafanchan, sai musu ya kaure. Ɓangare ɗaya 'yan sigari ne. Suka ce shisha ai ruwan alewa ce, ta yara da 'yan mata, namiji abin da zai daki ƙirjinsa yake nema, zuƙa ɗaya ya ji ta a ka. Ɗaya ɓangaren 'yan shisha ne. Suka ce ku 'yan ƙauye ne, kuna wari kamar an ƙona taya, mu ɗanɗano muke bi: ga tuffa biyu, ga na'a-na'a, ga inabi, ga kankana, har haɗa biyu muke yi mu fitar da na uku. Wani a cikinsu ya zaro waya ya nuna mana bidiyon wasu Turawa riƙe da ƙatuwar tabar nan ta Kyuba da ake naɗewa da ganye, wadda suke kira siga, suna lumshe ido suna cewa a farkonta sun ji koko, a tsakiya sun ji barkono. Ya ce, "Kun gani? Har manyan duniya sun san ɗanɗano ya fi ƙarfi." Aka juyo kaina aka ce, "Malam, kai da ba ka sha, raba mana gardama." Na ce a bar ni in gama indomina. To yau na gama.

Bari in fara da Turawan cikin waya, don a yi musu adalci. Su nasu musun yana da tushe. A jikin shukar taba, ganyen da ke can sama shi ya fi shan rana, ya fi kauri, ya fi yawan nikotin, masu sana'ar suna ce masa ligero. Na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙamshi. Na ƙasa, volado, aikinsa ya sa wuta ta ci daidai. Mai naɗin yana ƙara wannan ya rage wancan, bayan ganyen ya yi watanni ko shekaru a ajiye yana nuna. Saboda haka in ɗayansu ya ce yana son mai ƙarfi, ɗaya ya ce yana son mai sauya ɗanɗano, a kan ganye suke magana. Wannan bai hana ta yi musu illa ba. Babbar siga guda tana iya ɗaukar taba kusan ta kwalin sigari cikakke, kuma ko ba su haɗiye hayaƙin ba, nikotin ɗin ta fatar baki yake shiga, kansar baki da ta maƙogwaro kuwa ba sa tambayar kuɗin da ka saya.

Kai fa, ɗan uwa mai tukunya, a kan me kake magana? Abin da ake zuba maka a saman tukunyar nan sunansa mu'assal da Larabci, wato abin da aka zuba wa zuma. Yankakken ganyen taba ne aka jiƙa shi da baƙin ruwan rake da gilisarin, aka ɗiga masa turaren masana'anta, irin wanda ake sa wa alewa da cingam. Tuffa biyun da kake yi mana alfahari da ita, ba itacen tuffa ya ba ta wannan ƙamshin ba. Ba ɗanɗanon taba ka sani ba, abin da aka lulluɓe tabar da shi ka sani. Ka ɗauki hoton attajirin Landan ka liƙa a jikin tukunyar haya, kana kiran wasu 'yan ƙauye.

Ga hukuncina: a tsakanin ɓangarorin nan biyu, na masu ƙamshi ya fi ba ni tsoro, nesa ba kusa ba. 'Yan sigari kada ku tafa tukuna, ina zuwa kanku.

Duk wanda ya taɓa gwada karan sigari na farko ya san abin da ya faru. Tari ya sarƙe shi, ido ya kawo ruwa, kai ya juya, wani har amai. Wannan maigadi ne Allah Ya ajiye a bakin maƙogwaro, yana cewa wannan baƙon ba na gidan nan ba ne. Yara da yawa a nan suka tsaya, ba su ƙara ba har yau. Aikin ƙamshi guda ɗaya ne: ya danƙa wa maigadin nan na goro ya kau da kai. Ruwa ya sanyaya hayaƙin, zaƙi ya rufe ɗacin, na'a-na'a ta kashe zafin maƙogwaro, sai guba ta wuce ciki da sallama. Masu kamfanonin taba sun san haka tun kafin a haife mu, hukumomin ƙasashensu ma sun gane. A 2009 Amurka ta haramta sigari mai ɗanɗanon alewa da 'ya'yan itace saboda shi ke jawo yara. A 2020 Tarayyar Turai ta haramta sigari mai sanyin mentol. Kafin nan, a 2006, wata alƙaliya a Amurka mai suna Gladys Kessler ta yanke hukunci cewa kamfanonin sun yaudari jama'a da sigarin da suke kira mara ƙarfi, domin mai shan sa zurfafa zuƙa kawai yake yi har ya samu adadin nikotin ɗin da jikinsa ya saba. Kenya da Ruwanda sun haramta shisha a 2017. Mu ma nan, a 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya ce taba mai ƙamshi haramtacciya ce, ya ambaci shisha da sunanta. Ko an bi maganar ko ba a bi ba, ku leƙa layukanmu da dare ku ba kanku amsa.

Kuma mu 'yan Arewa bai kamata a sake yi mana wannan karatun ba. A wannan shekarar ta 2018 aka hana maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta yi ya tona abin da kowa ya sani yana yin shiru. Me ya sa kodin ya shiga gidajen da wiwi bai taɓa iya shiga ba, har ɗakunan matan aure? Yana da zaƙi, ba ya wari, ana juye shi a robar lemo. Hanyar dai ita ce, kaya kawai aka sauya.

Sai maganar da na fi tsana: wai ruwa yana tace dattin. Ruwan sanyaya hayaƙi yake yi, ya ba ka damar cika huhu ba tare da ka tari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a kan haka tun 2005. Mai sigari yakan yi zuƙa 8 zuwa 12 cikin minti biyar zuwa bakwai ya jefar. Mai shisha yakan zauna minti 20 zuwa 80, ya yi zuƙa 50 zuwa 200, kowace kuma doguwa. In aka auna yawan hayaƙin, zama ɗaya na iya kai na kara 100 ko fiye. Zan faɗi gaskiya ko da ta rage wa hujjata kaifi: wannan lissafin yawan hayaƙi ne, ba wai nikotin ɗin ya ninka sau 100 ba. Amma akwai abin da ke cikin shisha wanda ya fi na sigari yawa ƙwarai, shi ne iskar gawayi.

A nan zan daɗe, don da idona na gani. A semestar da ta wuce, lokacin damina, an yi bazday a wani ɗakin haya kusa da namu. Kun san ruwan Kafanchan in ya sauko. Aka rufe ƙofa da taga saboda feshi da sanyi, aka kunna tukunya biyu, mutum kusan goma a ɗaki ɗaya. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka buga mana ƙofa, wai wata 'yar aji ɗaya ta faɗi. Yarinyar 'yar garinmu ce, mahaifiyarta da bakinta ta ce mini, "Ga ƙanwarka nan, ka sa mata ido." Na same ta a ƙasa, ana yayyafa mata ruwa, wani yana cewa aljanu ne, wani yana cewa ba ta ci abinci ba. Biyu daga cikin masu tsaye su ma suna riƙe da kai. Muka samu ɗan acaba da ƙyar, muka riƙe ta a tsakiya cikin ruwan nan har asibiti. Nas ɗin da ta karɓe mu tambaya ɗaya ta yi: "An kunna gawayi a ɗakin?" Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke numfashi da ita sau 200 da wani abu. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali guda in sun kwana da janareta a cikin gida. Ba wanda zai yarda ya sa bakinsa a salansar janareta, amma an ɗora gawayi a kan kankana, ga mu muna layi.

Da ta farfaɗo, abin da ta fara ce mini shi ne, "Yaya, don Allah kar ka gaya wa Mama. Wallahi ni ba na shan taba, fileba ce kawai." Wannan jimlar ita ta sa ni wannan rubutun. Yarinyar da in ka miƙa mata karan sigari za ta zage ka, ta yi awa guda tana zuƙar taba ba ta san sunanta taba ba. Ba laifin mata nake gani fiye da na maza ba, kada wani ya ɗauki maganata ya je yana yi musu wa'azi. Wa ya yi hayar tukunyar? Wa ya ce mata ba komai a ciki? Mu ne, yayyen da aka ce mu sa ido.

Ɗan sigari aƙalla ya san abin da yake yi. Yana zagayawa bayan ɗaki, ya gama ya tauna citta ko ya jefa alewa a baki kafin ya shiga mutane, in ya hango malaminsa ya taka ta da ƙafa. Kunyar nan ba ta warkar da huhu, amma tana hana abin yaɗuwa. Ita kuwa shisha a tsakiyar ɗaki ake girke ta, a kunna fitila mai launi, a ɗauki bidiyo a ɗora a sitatus. Tiyo ɗaya yana zagaya baki goma, mai mura da mai tari duk ɗaya.

To 'yan ƙarfi, ga naku. Abin da kuke kira ƙarfi sunansa nikotin, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma duk ranar da ka ji wadda ka saba ta daina yi maka, ba jarumtarka ce ta ƙaru ba, igiyar ce ta ƙara shiga wuya. Na ga mai cewa shi namiji ne ya kasa zaman jarabawar awa uku, ya miƙa takarda da tambaya biyu a buɗe don jikinsa ya fara rawa. Na ga wanda ya bi "mai ƙarfi" daga sigari zuwa abin da ya fi ta, yanzu ba ya makaranta. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita ɗaiɗai da kara, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma kara-karan nan shi ya sa ba ka taɓa lissafa abin da kake ƙonawa a wata ba. Zauna ka lissafa yau.

In musun ƙarfi da ƙamshi kuke so na gaske, ai a ƙasarsa kuke zaune. Ku je kasuwar citta a Kachia ko Kwoi ku ji yadda dillalai ke yi. Akwai tafin giwa, mai faɗi, mai ruwan ɗorawa, wadda ta fi auki a gona. Akwai yatsun biri, sirara, mai duhu, wadda ta fi yaji. Mai saye ya karya, ya shinshina, ya ɗan tauna, ya faɗi farashi. Wannan yajin na cittar Kudancin Kaduna shi ya sa ake loda ta a tirela zuwa Legas a fitar da ita waje, kuma da kuɗinta aka biya wa da yawa daga cikinmu rajista. Kun tuna 2023, da cuta ta faɗa wa gonaki citta ta ruɓe a ƙasa? Akwai waɗanda muka fara tare da ba su dawo ba a shekarar. Baban abokin ɗakina akuyoyinsa ya sayar. Shi ya sa in na ga ɗan manomin citta ko ɗan mai shago a Funtuwa ya haɗa kuɗin abincin kwana biyu ya yi hayar tukunya don a ce ya waye, raina yake ɓaci, ba na iya ɓoyewa.

Na san abin da za a ce: wane ne kai, kowa da nasa, wani goro wani shayi. Gaskiya ne, ni ma in ban sha shayi da dare ba kaina ciwo yake. Amma shayina bai taɓa kai na kusa da ni asibiti ba. Wanda kuma yake da hujjar cewa ruwa yana tacewa, ya zo da tiyon tukunyarsa wajen mai shayi, mu tsaga shi a gaban kowa mu ga launin cikinsa, ni zan biya kuɗin sabo.

Ban gaya wa Mama ba, kuma har yanzu ban tabbata na yi daidai ba. Ranar Asabar akwai wani bazday a layin, an turo mini gayyata, an ce kowa ya kawo gudummawar gawayi. Na ga sunanta a cikin waɗanda suka ce za su zo. Zan je, ba da gawayi ba, kuma a bakin taga zan zauna.